Baba Tsumma da Bindiga Mai Lamba Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida Baba Tsumma ya yi yana wankin bindigogi, bai taɓa harba ko guda ba. A ɗakin makamai na masu gadin wata masana'antar siminti yake aiki, ɗaki mai taga ɗaya da ƙarafuna a jiki, da dogon teburi da mai ya jiƙa har ya koma baƙi, da bindigogi goma sha huɗu rataye a bango, kowace da lambarta da farin fenti a gindi. Duk bindigar da ta yi harbi, albarushi kan bar mata baƙin hayaƙi a cikin bututu. In aka bar shi ya kwana ya yini sai ya daskare, ya kama ƙarfen ya fara cinsa. Ƙanzo masu gadi ke ce masa, don haka yake kamawa, kamar na gindin tukunya. Wannan ƙanzon shi ne abokin gabar Baba Tsumma, kuma in za a faɗi gaskiya, shi kaɗai ne abin da ya taɓa fahimta sosai a duniya.

Da shara ya fara a wurin, yana saurayi. Tsohon da ke riƙe da ɗakin a lokacin ya lura cewa wannan mai sharar har bayan ƙofa yake sharewa, inda ba wanda zai duba, sai ya miƙa masa sandar ƙarfe ta wankin bututu ya ce ya gwada. Tun daga ranar bai ajiye ta ba. Yana da tsarinsa, ko gobara ta tashi ba ya canza shi. Zai ɗaure bindiga a kan teburi, ya jiƙa buroshin tagulla da mai, ya zura daga gindi zuwa baki sau goma, ba tara ba, ba sha ɗaya ba. Sai ya bi da farin ƙyalle, ɗan yanki da bai wuce tafin hannun jariri ba. Na farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu toka-toka, haka zai yi ta canzawa har sai wanda ya shiga fari ya fito fari. Daga nan ya ɗaga bututun saitin taga, ya tara farcen babban yatsansa a ɗaya bakin don haske ya shiga, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. In ya gamsu, ya tara ƙyallayen a gwangwani ya ƙyasta musu ashana. Kowace safiya kuma, kafin a fitar da bindigogi, yakan buɗe babban littafin rajista, ya rubuta “tsaf” a gaban kowace lamba, ya sa hannu. Littafi goma sha tara ya cika a shekarun nan, babu layi ɗaya da ba “tsaf” ba. Wasu da 'ya'yansu suke taƙama, shi da wannan yake yi.

Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda ya je filin gwajin harbi ya fara share bindigarsa da kansa, sannan ya kawo wa Baba ya ƙarasa. Nan ne yake cin karensa babu babbaka. Ya zura ƙyalle ya zaro, in ya fito da datti sai ya riƙe shi da yatsa biyu, ya kai wa mutum har hanci a gaban kowa, ya tambaye shi ko haka uwarsa ta koya masa wanke kwano. Manyan ƙarti masu gemu kan yi tsuru-tsuru a gabansa. Ba wanda ke ƙaunarsa, ba kuma wanda ya isa ya ce bai iya ba. Su suka laƙaba masa Tsumma don su huce, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A gida ma wani ɗakin makaman ya buɗe. Matarsa ce ke yanka masa ƙyallayen daga tsofaffin zannuwan gado, ta wanke, ta goge, ta jera a kwali, shekara da shekaru, bai taɓa ce mata sannu ba. In ya dawo aiki yakan shafa yatsa a kan taga, ya duba, ya nuna mata. 'Ya'yansa mata uku sun yi aure sun huta. Namijin ɗaya ne, aka kuma yi rashin sa'a ya zo bahago. Baba Tsumma ya ɗauki hannun hagun nan a matsayin datti, ya sa sandar ƙarfe ya yi ta kankara. Hannun bai canza ba, sai dai yaron ya koyi yin shiru a gida da yin dariya a waje. Har ya girma ya yi aure Bahago kowa ke ce masa, dogon mutum mai sauƙin kai, wanda takalminsa ba ya ganin man gogewa sai ranar fareti. Uban ne ya nema masa aikin gadi a masana'antar, mutane suka ce ashe dai tsohon yana da zuciya. Ba zuciya ba ce, so yake ɗan ya dawo inda idonsa zai riƙa kaiwa. Aka ba Bahago bindiga mai lamba sha ɗaya.

Wata Litinin aka dawo daga gwajin harbi. Matar Bahago na asibiti tun safe da cikin fari, an ce ƙafafunta sun kumbura, don haka shafa biyu ya yi wa bindigarsa ya kawo. Uban ya zura ƙyalle, ya zaro shi baƙi ƙirin. Ga mutum goma sha uku tsaye a layi. Da wani ne, a hanci abin zai tsaya. Amma da yake ɗansa ne, sai ya goga masa ƙyallen a kumatu, a hankali, daga kunne har haɓa, ya ce kowa ya matso ya ga abin da ya haifa. Wasu suka yi dariyar tsoro, wasu suka sunkuyar da kai.

Bahago bai goge fuskarsa ba. Ya ce, “Baba, ni mai gadi ne. Kai ne mai tsumma. Kowa ya yi aikinsa.”

Maganar ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta shiga har ƙashi. Baba Tsumma ya ɗauki bindigar ya rataye ta a ƙusarta yadda take, ya rantse a gaban kowa cewa hannunsa ba zai sake shiga cikin lamba sha ɗaya ba, sai ranar da mai ita ya zo ya durƙusa a gaban teburin nan ya wanke ta da kansa, kuma da hannun dama. Bahago ya juya ya tafi asibiti.

Talata da safe tsohon ya buɗe rajista, biro ya tsaya masa a layin sha ɗaya. Ya san abin da ke cikin bututun. Amma ya ɓata littafin shekara ashirin da shida saboda wannan marar kunyar? Ya rubuta “tsaf” ya sa hannu. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Uba bai sauko ba, ɗa bai durƙusa ba, uwa na tsakani tana roƙon wannan tana roƙon wancan, duk suka yi kunnen uwar shegu da ita.

A makon nan leburori na yajin aiki kan ƙurar simintin da ke cinye musu ƙirji. Ranar Alhamis da hantsi suka taru a babbar ƙofa, aka tura masu gadi takwas su tare su, kowa da hula iri ɗaya da ƙyalle a hanci saboda ƙura. Aka yi ture-ture, duwatsu suka fara tashi, sai aka ji ƙarar bindiga guda. Da taron ya watse, ga wani mai ɗaukar buhu kwance a bakin kwalbati. Harsashin ya shiga wuyansa ya fita, ya ɓace a tulin yashi. Kwanson harsashin ma ba a gan shi ba, wani ya riga ya sa a aljihu.

Ƙarfe ɗaya shugaban masu gadi, wanda kowa ke ce wa Oga, ya sa aka zube bindigogin takwas a kan teburin Baba Tsumma. Ya ce 'yan sanda za su iso ƙarfe huɗu, yana so kafin nan kowace ta koma kamar yau aka ciro ta daga kwali. Masu gadin takwas kuwa, har da Bahago, an rufe su a ofis ana bita musu abin da za su faɗa: babu wanda ya yi harbi, daga cikin taro ƙarar ta fito.

Shida daga ciki ba su da komai, mai kawai ya shafa musu. Da ya ɗauki lamba huɗu, tun kafin ya zura komai hancinsa ya gaya masa. Sabon ƙanzo laushi gare shi da maiƙo, yana warin ashanar da aka kashe yanzu. Tsoho kuwa busasshe ne, toka-toka, sai an kankare. Na lamba huɗu ko rabin yini bai yi ba. Bindigar Mai Tabarau ce, ɗan yayar manaja, wani ɗan gata da ke yawo da yatsa a kan kunamar bindiga don 'yan mata su gani. Baba Tsumma ya gane wanda ya kashe mutum, ya kuma gane abin da ake so da shi. Ba za a ce bai ji komai ba. Amma an ajiye masa bututu mai datti a gaba, hannunsa kuwa abu ɗaya ya sani. Buroshi sau goma, ƙyalle bayan ƙyalle, har fari ya fito fari. Ya ɗaga saitin taga ya leƙa, sai sheƙi. Ya tara ƙyallayen a gwangwani ya ƙyasta ashana.

Saura sha ɗaya. Agogon bango ya nuna uku da kwata. Ya ɗauke ta, ya juya, ya ajiye. Ya gaya wa kansa cewa a gaban mutum goma sha uku ya rantse. Ya gaya wa kansa cewa ko makaho ya shinshina zai san ƙanzon kwana uku ne. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba: daɗi ya ji. Ya hango baƙon ɗan sanda yana leƙa bututun, yana tambayar wane ƙazami ne mai wannan, a kira Bahago a wanke shi tas a bainar jama'a. Ya ce a ransa, yau yaron nan zai san amfanin mai tsumma. Ya rataye ta a ƙusarta, ya buɗe fulas ya tsiyaya shayi, ya zauna yana kurɓa.

Huɗu saura kaɗan Oga ya dawo, ya bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Da ya zo kan sha ɗaya ya daɗe bai sauke ba. Ya dubi lambar, ya dubi tsohon, ya tambaye shi ko mantawa ya yi. Baba Tsumma ya ce shi ba ya mantuwa, mai ita ne zai wanke. Oga mutum ne mai saurin ɗauka. Ya san zancen “babu wanda ya yi harbi” ba zai yi nisa ba muddin ga gawa a ƙasa, sai ga shi an rataye masa wani zancen a ƙusa, a ɓagas. Ya mayar da bindigar a hankali, ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, “Ka yi aiki, Baba Tsumma. Bar ta haka.”

'Yan sanda uku ne suka zo, babu wanda ya san sabon ƙanzo da tsoho a cikinsu. Ɗaya ya yi ta zura ƙaramin yatsansa a bakin kowace bindiga. Goma sha uku suka bar yatsan yadda yake, ɗaya ta baƙanta shi. Suka buɗe rajista, ga “tsaf” a gaban sha ɗaya da safiyar ranar, ga sa hannun mutumin da duk masana'antar ta shaida bai taɓa kuskure ba. Ta fita da tsabta, ta dawo da ƙanzo, ba su nemi ƙarin bayani ba. Aka shigo da Bahago ya amsa cewa tasa ce. Ya dubi bindigar, ya dubi ubansa, ya dubi kofin shayin da ke kan teburi. Kafin rana ta faɗi sauran bakwai ɗin duk sun tuna cewa sun ga lokacin da ya ɗaga bindiga. Aka ratsa da shi tsakar masana'anta da ankwa a hannu. Ranar aka fara ganin gudun Baba Tsumma, yana bin motar yana cewa ƙanzon tsoho ne, na kwana uku ne, su shinshina su ji. Wani kurtu ya hankaɗe shi ya faɗi a kan buhunan siminti.

Bayan wata takwas aka zauna a kotu, Baba Tsumma ya tashi ya faɗi komai, bai rage ba: rantsuwar, da lamba huɗu, da umarnin Oga. Ya roƙi a kawo bindigar ya nuna wa mai shari'a bambancin. Aka kawo. Amma bindigar da ta yi wata takwas a ɗakin ajiya, kowane ƙanzo a cikinta tsoho ne.

Lauyan masu ƙara ya sa aka jera littattafan rajista goma sha tara a kan teburi. Ya tambaye shi a hankali, da muryar lallashi, ko rubutunsa ne wannan. Ya ce nasa ne. Ya tambaye shi ko ya taɓa rubuta ƙarya a ciki. Baba Tsumma ya buɗe baki, duk kotun ta ga yadda amsar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ga ɗansa a tsaye tsakanin gandurobobi biyu, rayuwarsa na rataye da kalma ɗaya, amma sai da tsohon nan ya yi jim, ya dubi littattafansa, sannan ya ce sau uku. Jim ɗin bai wuce numfashi biyu ba, amma Bahago ya gan shi.

“Sau uku a shekara ashirin da shida,” in ji lauyan, “kuma duk ukun sun faɗo daidai inda ɗanka ke bukatarsu. To ina ƙyallayen lamba huɗu?”

“Na ƙona.”

“Bututun fa?”

“Na wanke.”

“Ka wanke shi da kyau?”

“Tsaf,” in ji Baba Tsumma. Bakinsa ne ya riga shi. Jama'a suka kwashe da dariya har sai da mai shari'a ya buga teburi.

Shekara ashirin aka yanke wa Bahago.

Ba a kori tsohon ba, kuma wannan ya fi kora ciwo. Oga ya gaya wa manaja tsufa ne da son ɗa suka ruɗa shi, a bar shi, ba za a samu hannu irin nasa ba. Shi ma bai ajiye aikin ba. Surukarsa ta dawo gidansu da jaririya, ga bakunan ci, shi kuwa bai iya komai ba sai wannan. Ƙusar sha ɗaya ta zauna babu komai a kanta. Duk ranar gwajin harbi Mai Tabarau kan miƙo masa lamba huɗu, ko shafa ɗaya bai yi mata ba, ya ce, “Baba, a fito mana da ita fari.” Sai ya karɓa. Bai sake kai wa kowa ƙyalle hanci ba, su ne yanzu ke jefa masa nasu a kan teburi suna wucewa.

Matarsa ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma ɗaga masa murya ba. Wata safiya ya buɗe kwalin ƙyallayensa, ya ga an yanka an goge an jera kamar kullum, sai dai ɗaya na da maɓalli a jiki. Fararen rigunan Bahago ne ta bi da almakashi. Ya fito tsakar gida da kwalin a hannu, ya same ta tana shanya. Ba ta juyo ba ta ce, “Shi dai ba zai sa ba. Kai kuwa, Malam, ba ka rasa abin gogewa.” Ya tafi da su wurin aiki, don babu wasu. Abin takaicin ma, sai da ya lura cewa auduga ce mai kyau, ba ta barin zare a bututu.

Shekara biyu yana zuwa gidan yari duk wata, ya bi layi, ya miƙa suna, ganduroba ya dawo ya ce mai shi ya ce ba ya fitowa. A ta uku, wata Asabar da rana, aka ce ya shiga. Ɗakin ziyarar dogon benci ne da teburin katako, da agogo a bango, an ba kowa rabin awa. Baba Tsumma ya zo da magana a bakinsa, wadda ya yi wata da watanni yana gogewa. Da ya ga ɗansa sai ta gudu. Bahago ya rame, haƙorinsa ɗaya na gaba babu, yana tari irin na leburorin nan. Ya zauna, ya gaida ubansa kamar yadda ake gaida kowane dattijo a hanya, ya ɗora hannayensa a kan teburi.

“Baba, tambaya ɗaya gare ni, shi ya sa na fito. Ƙanzon kwana uku, minti nawa yake ci a hannunka?”

Da wani uban ne, da ya ce bai sani ba, ko ya fashe da kuka ya tsira. Amma tambayar aiki aka yi masa, kuma ya san amsar tun kafin a rufe baki.

“Sha biyu,” ya ce. “In ya kama sosai, sha biyar.”

Bahago ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ya zata ke nan. “Na ga kofin shayin ranar,” ya ce. “Har ka kusa shanyewa.”

Sannan ya miƙe, ya ce a gaida Mama, a riƙa turo ta da yarinyar, shi kuwa kada ya ƙara wahalar da ƙafarsa. Ya ɗaga wa ganduroba hannun hagu, aka buɗe masa ƙofa ya shige bai waiwayo ba.

Ganduroban ya dubi agogo, ya ce wa Baba Tsumma da sauran minti ashirin da biyar a lokacinsa, in yana so ya zauna ya huta kafin ya kama hanya. Ya zauna. Akwai wani baƙin tabo a kan teburin, daidai inda hannun ɗansa ya tashi. Can ya ankara da cewa farcen babban yatsansa na kan tabon, yana kankara.